Tukunya da Ƙwayar Wake: Tarihin Liyafar Gida a Kakar Mardi Gira

A ƙasar Luwiziyana, can kudancin Amurka, inda kogin Misisipi yake ƙare doguwar tafiyarsa ya rarrabu cikin fadamu kafin ya faɗa teku, akwai wata kaka ta shekara wadda ba damina ce take kawo ta ba, ba kuwa girbi ba, sai dai lissafin malaman coci. Tana kamawa ran 6 ga Janairu, kwana goma sha biyu bayan Kirsimeti, ranar da Nasara suke tunawa da zuwan wasu masana daga gabas wurin Annabi Isa, alaihissalam, yana jariri, bisa ga abin da yake cikin littafinsu. Tana kuma ƙarewa da tsakar daren wata Talata da Faransawa suka laƙaba wa suna Mardi Gira, wadda washegarinta, Larabar Toka, mabiya ɗariƙar Katolika suke shiga azuminsu na kwana arba'in. Da yake idinsu na Ista ba ya tsayawa a rana guda, ita ma Talatar ba ta tsayawa, takan faɗo ko'ina tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris, don haka wata shekara kakar mako huɗu ce kacal, wata shekara kuwa takan kai mako tara.

Azumin nan nasu ba kame baki ba ne daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana kamar na Ramalana. Ƙauracewa ce ga nama, a zamanin da kuwa hukuncin ya fi haka tsanani, domin ya haɗa har da kitse da ƙwai da madara da man shanu. To, uwargidan da take da tulun kitse a ɗaki, da kwandon ƙwai, da ragowar naman da aka yanka cikin hunturu, a lokacin da babu firiji babu ƙanƙara, ba ta da wata dabara illa ta ga bayansu kafin Laraba. Tun da yake kuwa mutanen gida ɗaya ba za su iya cinye su ba, zubar da su kuma almubazzaranci ne, sai a kira maƙwabta. Abin da duniya take gani yau a talabijin, wato karusai masu tsawon bene, da 'yan bad-da-kama suna watsa wa jama'a sarƙoƙin roba, da mashayan da ba su san inda kansu yake ba, duk daga baya ya zo. Wanda yake son ya san wannan biki bisa haƙiƙarsa, sai ya bar titi ya yi sallama a ƙofar gida, ya tambayi abu biyu: wa ya dafa abin da yake cikin tukunya, kuma a gidan wa za a taru mako mai zuwa.

Faransawa ne suka ƙetaro da al'adar. Ran 3 ga Maris 1699 wani jagoran jiragen ruwa mai suna Iberville ya yada zango a gaɓar Misisipi, kimanin mil sittin ƙasa da inda birnin Niyu Oliyans yake yanzu, da ya tuna cewa a gida ranar biki ce sai ya raɗa wa wurin sunan ranar. Ƙanensa Bienville shi ya kafa birnin a 1718, a kan ɗan tudu tsakanin kogi da tafki, matattarar sauro da zazzaɓi da ambaliya. Alkama ba ta yi a wannan ƙasa mai zafi da damshi, fulawa sai jirgi ya kawo, ba don masarar mutanen ƙasar na asali ba da yunwa ta tashi garin. Ko da Gwamna Vaudreuil ya zo a 1743 da son alfarma irin ta fadar Faransa, ya ɗabbaƙa daren rawa da liyafa a tsakanin manya, tambayar tana nan: me za a sa a gaban baƙi?

Akwai wata riwaya da littattafan girki suka daɗe suna maimaitawa, cewa wai matan Faransawa sun gaji da masara, suka yi gayya zuwa gidan Bienville suna buga kaskon suya, shi kuwa ya haɗa su da mai kula da gidansa, wata Madam Langlois, ta koya musu sarrafa kayan ƙasar, wai daga nan girkin birnin ya samo asali. Labari ne mai daɗin ji, amma ba shi da isnadi, babu wata takarda ta zamanin da ta tabbatar da shi, kuma a ganina ba a riƙe shi ba sai don yana miƙa tukunyar ga hannun da ake so a ce shi ya ɗora ta. Abin da yake rubuce a kundi daban ne. A 1719 jiragen bayi na farko suka iso daga gaɓar Afirka ta Yamma, umarnin da kamfanin Faransa ya ba matuƙansu kuwa a fili yake: su sayo mutanen da suka iya noman shinkafa, su haɗo da 'yan ganguna na irin shuka. Malamar tarihi Gwendolyn Midlo Hall, wadda ta ƙarar da shekaru tana tonon takardun kotu da na gado, ta nuna a littafinta na 1992 cewa wajen kashi biyu cikin uku na bayin da aka kawo zamanin Faransawa daga yankin kogin Sanagal da Gambiya suke, Bambara da Wolof da Mandinko da Fulani. A takardun baya kuwa, inda ake rubuta ƙabilar bawa kusa da farashinsa, an ambaci Yarbawa da Ibo da mutanen Kwango, har da Hausawa. Su suka mai da fadamar Misisipi gonar shinkafa, kuɓewa ma ta bakin wannan hanya ta shiga. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kaɗa miyar kuɓewa, in aka ajiye masa kwanon gambo mai yauƙi a kan farar shinkafa, ba ya bukatar malami ya gaya masa inda suka haɗa dangi. Game da jambalaya, shinkafar da ake dafawa tukunya ɗaya da nama da kayan miya, masana sun yi saɓani, wasu sun jingina ta ga Sipaniyawa, wasu ga dafa-dukan Sanagal; abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne ɗanɗanon maigida ya gamu da ilimin mai dafawa.

Wani abin lura shi ne, mafi tsufan wurin da aka sami sunan gambo a rubuce a wannan ƙasa ba littafin girki ba ne, takardar shari'a ce. A 1764 aka gurfanar da wani bawa da ya gudu ana tuhumarsa da sata, alƙalai suka tambayi wata baiwa mai suna Comba ko ta ba shi gambo, ta amsa cewa lalle ta ciyar da shi. Wato farkon shigar wannan miya cikin tarihi, baiwa ce ta karɓi baƙi a 'yar bukkarta, karimcinta ya ja mata tsayuwa gaban alƙali. Ire-iren waɗannan mata su ne kuma suke yawo da kwando a ka ran Lahadi, ranar da dokar bayi ta 1724 ta hana a sa su aiki, suna tallan kala, wata wainar shinkafa da ake soyawa a barbaɗe da sukari, suna tare mutane a bakin coci. Sa'ad da ƙasar ta koma hannun Sipaniya bayan 1762, sai aka zo da wata doka mai kama da abin da malaman fiƙihu suke kira kitaba, sai dai a nan ko ubangiji bai yarda ba bawa yana da ikon kai ƙara a ƙiyasta farashinsa ya fanshi kansa. Mata da yawa da kuɗin talla suka biya murgu, suka tara saura, suka fanshi kansu da 'ya'yansu. Har cikin ƙarni na ashirin akwai gidajen baƙaƙen fata da ba sa karya kumallon safiyar Mardi Gira sai da wannan waina. Daga wannan cakuɗa, da Jamusawan da suka zauna sama da birnin tun 1721 suna kawo masa kayan lambu, da mutanen tsibiran Kanari, da 'yan gudun hijira wajen dubu goma da suka kwararo a 1809 sanadiyyar juyin Haiti, aka sami al'ummar da ake kira Kiriyol, haifaffun ƙasar masu Faransanci da Katolika, farare da baƙaƙe da ruwa-biyu.

Ita gambo abubuwa uku ne suke ba ta kauri, a kansu kuwa ma'abota girki suke jayayya har gobe. Na farko kuɓewa. Na biyu file, garin busasshen ganyen wata bishiya da ake kira sasafaras, wanda matan ƙabilar Choctaw suke dakawa su kawo kasuwa. Shi ba a tafasa shi, sai an sauke tukunya, ko kowa ya barbaɗa a kwanonsa, in ba haka ba ya yi zare-zare ya ɓata miya. Na uku shi ne soyayyar fulawa da suka gada daga Faransa suka kai ta inda Bafaranshe bai taɓa kai ta ba. Akan zuba mai ko kitse a tukunyar baƙin ƙarfe, a zuba fulawa daidai gwargwadonsa, a kama juyawa da cokalin katako, ba ɗagawa, ba amsa sallama, ba leƙa yaro, wani lokaci har kusan sa'a guda. Da fari fara ce, sa'an nan ta yi ruwan ƙasa, ta yi ja, ta rine har ta kusa launin gasasshiyar gahawa, ƙamshinta ya cika gida ya fita waje. Tsakanin nuna da ƙonewa kuwa bai fi ƙiftawar ido ba, da zarar an ga ɗigon baƙi ya taso, to, ta ƙone, ba ta gyaruwa, sai a zubar a sake. In ta kai yadda ake so, sai a juye mata yankakkiyar albasa da koren tattasai da seleri, ukun nan da masu barkwanci cikinsu suke kira da sunan aƙidarsu ta Triniti, tukunya ta yi ƙara, tururi ya tashi, zafin ya karye; daga nan sai romo kaɗan-kaɗan, sai kaza da ƙyafaffen nama, a rage wuta a bar ta ta yi ta ɓararraka. Da yake kakar biki cikin hunturu take faɗowa, lokacin da kuɓewa ba ta gona, gambon wannan kaka galibi na kaza ne da baƙar fulawa da file, na kuɓewa da jatan lande sai zafi ya shigo. Kafin shekara arba'in ta cika bayan shari'ar Comba, miyar ta hau teburin sarauta: a ƙarshen 1803, shekarar da Faransa, bayan ta karɓo ƙasar daga hannun Sipaniya, ta sayar wa Amurka ita kan dala miliyan 15, wakilin Faransa Laussat ya yi wata walima da ya rubuta cewa an jera gambo ashirin da huɗu a cikinta.

Wannan ke nan game da tambaya ta farko. Ta biyu kuwa, wato a gidan wa za a taru, ƙwayar wake ce take yanke hukuncinta. A daren 6 ga Janairu iyalan Kiriyol sukan taru a gida ɗaya a yanka kek ɗin sarki, wani burodi mai zaƙi da ake naɗewa kewaye siffar kambi, an ɓoye ƙwayar wake a cikinsa, ko ƙwallon pikan, ko ɗan zobe a gidan masu hali. Wanda abin ya faɗo a yankinsa shi ne sarkin daren, ko sarauniya, ya zaɓi abokin sarauta, a ɗaga kofi a yi masa mubaya'a ta wasa. Amma sarautar tana tafe da wajibi, domin liyafar mako mai zuwa a wuyansa take, can ma za a yanka wani kek ɗin, wake ya faɗa wa wani, haka za a yi ta karɓa-karɓa daga gida zuwa gida har Talatar ƙarshe. Hikimar da take cikin wannan tsari ba ƙarama ba ce. Babu gidan da nauyin kaka duka zai karye a kansa, babu wanda zai yi ta ci bai ciyar ba, babu kuma wanda zai ce an raina shi ko an fifita wani, tun da ƙuri'a ce ta zaɓa, ita kuwa ba ta san attajiri ba.

Amurkawan da suka cika birnin bayan cinikin nan na 1803, mafi yawansu ba Katolika ba, da fari kallon shashanci suka yi wa abin, daga baya suka karɓe shi suka sa masa tsari irin nasu. A 1857 wasu 'yan kasuwa, cikinsu har da waɗanda suka taso daga garin Mobile, suka kafa ƙungiyar asiri ta Comus, suka yi jerin gwanon dare da karusai da jiniya ta wuta, suka rufe da rawa wadda ba a shiga sai da katin gayyata. A 1870 wata ƙungiyar ta ɗauki kek ɗin gida ta kai shi babban zaure da waken zinariya a ciki don zaɓen sarauniya. A 1872 aka naɗa Rex, sarkin biki na birni duka, wanda ya zo da launukan nan uku, shunayya da kore da ruwan zinariya, da ake barbaɗa wa kek da su har yau. A 1875 hukuma ta mai da ranar hutu. Sai dai abin da yake a gida ƙuri'a ce, a zaure ya koma gado da alfarma, domin akan san 'yar gidan da wake zai faɗa wa tun ba a yanka ba, ƙofa kuma a rufe take ga baƙar fata da Bayahude da Ba'italiye. Haka aka zauna har 1991, sa'ad da wata 'yar majalisar birni, Dorothy Mae Taylor, ta kawo dokar da ta sharɗanta wa kowace ƙungiya barin wariya kafin a ba ta titi. Comus ta gwammace ta daina fita da ta buɗe ƙofa. Su kuwa waɗanda aka rufe wa ƙofar ba su zauna jira ba. Sun kafa ƙungiyar Zulu a 1909, wadda mawaƙi Louis Armstrong ya yi wa sarki a 1949, iyalansu kuma sukan fito da tukwane su baje a inuwar manyan itatuwan titin Claiborne, har zuwa shekarun 1960 da aka sare itatuwan aka ɗora gadar mota a kan wurin.

Littattafan girkin birnin na farko-farko, na Lafcadio Hearn a 1885 da na jaridar Picayune a 1900, an yi su ne bayan 'yanta bayi, na biyun ma bai ɓoye dalilinsa ba: tsofaffin kuyangin da suka riƙe madafan manyan gidaje suna ƙarewa, iyayengijinsu mata kuwa ba su iya ba, dole a rubuta kafin ilimin ya bi su kabari. An rubuta ilimin, ba a rubuta sunayen masu shi ba. Sai a 1939 wata baƙar mace, Lena Richard, ta buga nata da sunanta a bango.

Yamma da birnin, bayan an ƙetare babbar fadamar Atchafalaya, wata al'umma ce dabam. Kakanninsu manoma ne Faransawa da suka zauna a Akadiya, gabashin Kanada ta yau, fiye da shekara ɗari. Da suka ƙi yi wa Sarkin Ingila rantsuwar da za ta sa su ɗauki makami a kan 'yan'uwansu, sai Gwamna Charles Lawrence ya ba da umarni a 1755 a kwashe su, aka ƙone gidajensu, aka loda fiye da mutum dubu goma a jirage aka warwatsa su, dubbai suka halaka a teku da zangon baƙunta. A 1765 Joseph Broussard ya iso Luwiziyana da mutum wajen ɗari biyu, a 1785 kuma jirage bakwai suka kawo wajen 1,600 daga Faransa da kuɗin Sarkin Sipaniya. Su ne Kajun. Ba su da kuyangin girki irin na manyan birni, ba su da kasuwar da jirgi yake sauke mata kayan ƙamshi, abin da suke da shi tukunya ɗaya ce ta baƙin ƙarfe da abin da gona da bindiga da ƙugiya suka kawo, sai kuma maƙwabtansu baƙaƙen Kiriyol na karkara waɗanda suka koyi da yawa a wurinsu. Su ma rayuwarsu karɓa-karɓa ce. Cikin sanyi iyalai sukan haɗu tun asuba a yanka dabba ɗaya, yawanci alade, a sarrafa ta kaf kafin la'asar, a yi tsiran da ake cusa wa shinkafa, a ƙyafe na ƙyafewa, a soye fata, a raba kowa ya tafi da rabonsa, wani makon kuma wani gida ya yanka. Naman haramun ne ga Musulmi, amma tsarin rabon babu mai hankalin da zai kushe shi. Daren Asabar kuma akan fitar da kayan ɗaki waje a yi rawa a gidan wanda layi ya zo kansa, da goge, daga baya da akodiyan, a kwantar da jarirai a ƙuryar ɗaki, tsakar dare a raba gambo. Wani matafiyi Bafaranshe mai suna Robin, da ya ratsa ƙasar wajen 1804, ya tarar da haka ya rubuta.

Mardi Girar waɗannan mutane ba ta da karusa ko sarki. Da sassafe mahaya sukan taru a bakin gari, a Mamou ko Eunice ko Church Point, sanye da riguna na tsummoki masu geza, da dogayen huluna masu tsini, fuska a rufe da ragar waya da aka zana wa ido da baki, wasu da hular bishop, wasu da ta malaman jami'a, don shaguɓe ga masu mulki da masu ilimi. Shugabansu, kyaftin, shi kaɗai ne fuskarsa a buɗe, da alkyabba a kafaɗa da tuta a hannu, maganarsa kuwa ba a ƙetare ta. In an iso gidan gona, jama'a sukan tsaya a hanya, shi ya matsa shi kaɗai ya nemi izinin maigida. In an yarda sai ya kaɗa tuta, mahaya su sako dawakai a guje har tsakar gida, su dira, su rera tsohuwar waƙarsu ta bara, su yi rawa da uwargida da 'yan mata, su hau bishiya, su yi birgima, su miƙa tafin hannu suna roƙon 'yan kwabbai. Mai gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, mudun shinkafa, ko albasa, ko fulawa, ko tsiran nama, amma babbar kyauta ita ce kaza mai rai, wadda zai cilla sama, ƙarti su bi ta cikin taɓon gonar shinkafa suna faɗuwa kan juna har wani ya cafke ta ya ɗaga. Wanda ya san tashen watan azumi, da yadda yara suke bin gida-gida cikin shigar ban dariya ana ba su hatsi da kuɗi, zai gane abin da ido ɗaya, sai dai wannan na manya ne, kuma akwai giya a ciki mai yawa. Da yamma a koma gari a zuba duk abin da aka samo a tukunya ɗaya, kowa ya ci, wanda ya bayar da wanda ya roƙa. Asalinsa daga karkarar Faransa ta tsakiyar zamani ne, inda ƙarshen hunturu yake lokacin da rumbun talaka ya yi ƙasa, aka halatta bara na yini ɗaya, aka kuma rufe fuskar mai yinta don kada ya ji kunya gobe.

Kaɗan ya rage al'adar ta mutu. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta Ingilishi a makaranta, aka riƙa hukunta yaran da suka yi Faransanci, har wasu aka sa su durƙusa a kan tsabar masara, sunan Kajun ya zama abin gori, hawan Talata kuma ya lalace da faɗace-faɗace, garuruwa da yawa suka bar shi kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. A farkon shekarun 1950 wani lauya, Paul Tate, da wani malamin makaranta, Revon Reed, suka farfaɗo da na Mamou, suka tambayi tsofaffi yadda ake yi, suka ƙarfafa ikon kyaftin. Sa'an nan abin ya juye gaba ɗaya ta hannun Paul Prudhomme, autan 'ya'ya goma sha uku daga wata gona kusa da Opelousas, wanda ya buɗe gidan abinci a Niyu Oliyans a 1979, ya ƙago gasa kifi a kasko mai tsananin zafi har ya yi baƙi. Abin ya karɓu a Amurka duka, har sai da hukuma ta taƙaita kamun irin kifin da yake gasawa don kada ya ƙare. Tun daga nan duk abin da aka cika wa barkono sai a ce na Kajun ne, alhali kuwa wanda ya ci a gidajensu ya san ɗanɗano suke nema ba azaba ba, kwalbar ruwan barkono na Tabasco, da ake yi a tsibirin Avery tun 1868, a kan tebur take don mai so ya ƙara. Baƙo yakan rikita girkin biyu, 'yan ƙasa kuwa da kallo ɗaya suke rarrabewa: jambalayar birni ja ce don tumatir, ta karkara ruwan ƙasa ce don naman da aka soya ya kama gindin tukunya, mutumin Mamou kuma in ya ga tumatir a gambo sai ya tambaya ko lafiya.

Liyafar gida ta yau ta gaji ɓangarorin biyu. Mai gida a kusa da titin St. Charles, inda jerin gwano yake bi, yakan bar ƙofarsa a buɗe tun safe, da tukunyar jan wake da shinkafa a kan wuta, abincin da asalinsa na ran Litinin ne, ranar wanki, don yana dahuwa ba a tsaye a kansa; da jambalaya, da soyayyar kaza, in kakar ta yi nisa kuma a shimfiɗa jaridu a tebur a juye dafaffen jatan landen fadama da masara da dankali, a ci da hannu a tsaye. Duka girki ne na taro, mai haƙurin jira, wanda in baƙi sun ƙaru sai a ƙara shinkafa. Wanda addininsa ya hana masa alade kuwa, ƙyafaffen naman sa ko na talotalo yana tsaya masa. 'Yan birnin sukan ce cikin raha, a ranar nan abokin da ya fi kowa daraja shi ne mai ban ɗaki kusa da hanya. Sau da yawa titi ya gaza, gida bai gaza ba: a 1979 'yan sanda suka yi yajin aiki aka soke jerin gwanon cikin birni, a 2006, wata shida bayan guguwar Katrina, aka yi bikin a taƙaice, waɗanda suka warwatsu a wasu jihohi suna aikawa a kawo musu kek ta gidan waya, a 2021 annoba ta hana fita, sai mutane suka ƙawata gidajensu da adon karusai, dubbai, aka riƙa zagayawa ana kallo.

Waken kansa ya canza kama. Wajen tsakiyar ƙarni na ashirin wani mai gidan burodi na McKenzie's, Donald Entringer, ya fara sa 'yar tsana ƙarama mai siffar jariri a madadinsa, da fari ta tangaran, daga baya ta roba, sauran masu gashi suka bi. Hukuncin bai canza ba, wanda ya sami jaririn shi zai sayo kek na gaba ko ya karɓi taro, a gida ko a ofis ko a aji. Akwai kuma ladubban da kowa ya sani, cewa ba a cin kek ɗin kafin 6 ga Janairu ko bayan Talata, wuƙa kuma a cikin kwali ake barinta don mai zuwa. Akwai marowatan da sukan ji 'yar tsana a haƙori su yi shiru su zura ta aljihu, akan kuwa gane su. A 'yan shekarun nan masu gashi da yawa, don tsoron kada wani ya shaƙe a kai su ƙara, sun daina cusa ta ciki, sai su ajiye ta a gefen kwali, mai gida ya ɓoye ta da hannunsa ta ƙarƙashi. Wannan ya sa akwai mutum ɗaya a wurin taro da ya san yankin da ƙuri'a take, kuma shi ne yake riƙe da wuƙa.